Askin Kuturu Babu Lada

Masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ma'anar wannan karin magana a fili take, wato duk wanda ya karɓi kuɗin aiki, nauyin aikin ya hau kansa ko da kuwa aikin na ƙyama ne. Sai dai akwai wata fuska ta maganar wadda ba a cika waiwayarta ba. Yaya za a yi da wanzamin da aka ce lallai ne ya yi wa kuturu aski, aka kuma ce ba zai taɓa kan ba sai ya nuna takardar shaidar ya iya riƙe aska, sa'an nan bayan ya gama kowa ya kaɗe rigarsa ya yi gaba, ba wanda ya ba shi ko anini? Wannan ita ce tambayar da muke son mu tattauna a wannan maƙala. Kuturun namu na yau kuwa shi ne yaron da ƙwaya ta kama. Ba don wulaƙanci muka kira shi haka ba, sai don irin gudun da muke yi masa, da yadda kowa ke son a aske shi matuƙar ba da askarsa za a yi ba.

Bari mu ɗauki misalin da duk mazaunin Maiduguri ya san irinsa. Wata uwa ce a unguwar Gwange, wadda ta gudo daga Bama a shekarar 2014 da 'ya'yanta, ba tare da mijinta ba. Babban ɗanta ya tashi yana dako a kasuwar kifi ta Tashar Baga, kuma a nan abokan aiki suka koya masa cewa akwai wata ƙwaya da in ya haɗiya, buhu zai koma masa kamar auduga. Ya fara da tiramol guda ɗaya da safe domin ƙarfin aiki. Yau ga shi ya bar dakon amma bai bar ƙwayar ba. Ya sayar da tukunyar uwarsa, ya ɗaga wa ƙanwarsa hannu, ya taɓa faɗuwa yana karkarwa a bakin titi kamar mai farfaɗiya. Ita wannan uwa ba ta tambayar menene falsafar hukuma game da shaye-shaye. Tambayarta biyu ce kawai: wurin wa zan kai shi, kuma da me zan biya?

Ƙofofin da ke gabanta ba su da yawa. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan Titin Baga, inda ake da likitoci da ma'aikatan jinya ƙwararru, amma shi kaɗai ne irinsa na tarayya a wannan yanki mai faɗi, kuma gado da magani da abinci duk kuɗi suke ci. Akwai hukumar NDLEA, wadda aka kafa a shekarar 1989, wadda ban da kamu tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. To amma uwa takan yi tunani sau biyu kafin ta miƙa ɗanta ga gidan da dokarsa ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hodar iblis ko makamanciyarta. Akwai malamin da zai yi masa rubutu da tofi, a wasu wuraren har da mari. Sa'an nan akwai wani maƙwabci, wanda shi ma ya yi shekaru yana sha kafin Allah Ya shirye shi, wanda yanzu yakan tara yaran unguwa a gindin dalbejiya bayan la'asar yana jan hankalinsu, ba ofis, ba albashi, ba takarda.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa matsalar gida ɗaya ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a Janairun 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, wato kashi 14.4 cikin 100, fiye da ninki biyu na abin da ake samu a duniya baki ɗaya. Daga cikinsu miliyan 4.6 irin su tiramol da kodin suke sha ba bisa umarnin likita ba. Ɗaya cikin kowane huɗu mace ce, kuma ɗaya cikin kowane biyar shan ya riga ya zame masa cuta. A Arewa maso Gabas adadin ya kai kashi 13.6 cikin 100. A ɗaya gefen kuma, likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Ko da kowanensu zai daina barci, ba za su iya zama da waɗannan miliyoyi ɗaya bayan ɗaya ba.

Zaman kuwa shi ne maganin. A nan ne mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Fitar da ƙwaya daga jini aikin kwanaki ne ko 'yan makonni, kuma aikin likita ne, domin janye wasu ƙwayoyin farat ɗaya yana iya jawo jijjiga har ma da rasa rai. Amma fitar da ita daga zuciya aikin watanni ne, wani lokaci shekaru. Yaron da aka sallama daga asibiti unguwar da ya baro zai koma, ga abokan nan, ga mai kemis ɗin nan da ya san shi, ga rashin aikin yi, ga mafarkin abin da ya gani a daren da suka gudo. Wanda zai zauna da shi mako bayan mako, ya gano abin da ke tunzura shi, ya koya masa yadda zai bi da jarabar idan ta motsa, ya sasanta shi da iyayensa, ya kuma karɓe shi ba tare da zagi ba ranar da ya koma gidan jiya, shi ne wanda muke kira mai ba da shawara. Shi ne wanzamin da muka faɗa tun farko.

To, shin kowa ne ya kamata a bari ya yi wannan aiki? Mun san akwai masu cewa ai magana ce kawai, magana kuwa ba ta buƙatar lasisi. Mu ba mu ga haka ba. Dalilin lasisi a kowace sana'a shi ne kare wanda ba zai iya tantance mai yi masa aiki ba. Idan tela ya ɓata maka ɗinki, da idonka za ka gani, ka canja wani. Shi kuwa ɗan shaye-shaye, abin da zai yi tantancewar da shi, wato hankalinsa, shi ne abin da ya sami rauni. Sau da yawa ma ba shi ya kawo kansa ba, kawo shi aka yi. In aka zalunce shi ya yi ƙara, wa zai gaskata ɗan ƙwaya? Babu majinyacin da ya kai shi rashin kariya, don haka babu wanda ya kai shi buƙatar a san ko wane ne aka danƙa wa shi.

Abin da ya faru a shekarar 2019 ya ishe mu hujja. A watan Satumba 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Kafin wata ya zagayo an buɗe irinsa a Daura, daga nan kuma wasu garuruwan suka biyo baya. Abin da ya fi tayar da hankali a labarin shi ne, yawancin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su, kuma biya suke yi. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Gudun gara suka yi suka faɗa gidan zago, domin ba wanda ya taɓa gaya musu cewa akwai wata ƙa'ida da mai gyaran hali zai cika, ko wata hukuma da za ta leƙa ta ga abin da ake yi a bayan katanga.

Kuma kada a ce lasisi baƙon abu ne da Turawa suka kawo mana. Malaman fiƙihu tun da can sun tabbatar da cewa wanda ya shiga yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin ba, in ya yi ɓarna ramuwa tana kansa. Marubuta tarihi sun ruwaito cewa a shekarar 931 Miladiyya wani majinyaci ya mutu a Bagadaza saboda kuskuren mai magani, sai Halifa al-Muƙtadir ya hana kowa yin sana'ar sai wanda likitansa Sinan bn Sabit ya jarraba ya ba shi izini, kuma an ce waɗanda aka jarraba sun kai kimanin 860. A ƙasar Hausa ba a ba yaro aska ya shiga gidan suna sai ya yi shekaru yana riƙe wa ubangidansa zabira, kuma akwai Sarkin Aska da za a kai wa ƙara in an yi ɓarna. A nan Borno ma, mutum ba ya wayar gari ya kira kansa Goni. Sai gwanayen da suka riga shi sun saurare shi sun tabbatar. Ashe ke nan tantance mai sana'a al'adarmu ce, takardar ce kawai sabuwa.

Ta fuskar doka an ɗan motsa a 'yan shekarun nan. A shekarar 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa majalisar da za ta kula da masu sana'ar ba da shawara, kamar yadda likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna suke da nasu majalisun. A Janairun 2023 kuma aka sanar da sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun kula da wannan fanni. Akwai kuma horon da ƙungiyar Colombo Plan ta tsara musamman domin masu kula da 'yan shaye-shaye, wanda wasu ma'aikatanmu suka yi suka sami shaidar da ake karɓa a ƙasashe da dama. Duk wannan abin yabo ne.

Amma a nan ne tsugune ba ta ƙare ba. Lasisi aska ce mai kaifi biyu. Yana korar azzalumi, haka kuma yana iya korar mai gaskiya. Mu koma ga maƙwabcin nan na gindin dalbejiya. Idan aka ce mai ba da shawara sai mai digiri, to shi an kore shi ke nan, domin ƙila ko sakandare bai gama ba. Alhali kuwa yana da abin da babu jami'ar da ke koyar da shi: ya san yadda jiki ke yi a kwana na uku da bari, ya san irin ƙaryar da mai sha ke yi domin shi ma ya yi ta, yana jin Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, kuma in ya ce wa yaro ana iya dainawa, yaron yana kallon hujjar a gabansa. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo. Mu da muke jami'a ya kamata mu faɗi wannan gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba, domin mu ne masu buga takardun, kuma mu ne za mu fi kowa cin moriya in aka ce sai da su. Duk dokar da masu sana'a suka nema wa sana'arsu tana da fuska biyu, ɗaya tana kallon majinyaci, ɗaya tana kallon aljihu, kuma ba kullum ne ake gane wadda ta fi girma ba.

Amurka ta bi ta wannan hanya kafin mu, kuma akwai abin lura a tafiyarta. Waɗanda suka fara wannan aiki a can yawancinsu tsofaffin mashaya ne da suka daina, musamman bayan kafuwar ƙungiyar mashaya masu taimakon juna a garin Akron a shekarar 1935. Da kuɗin gwamnati da na inshora suka shigo, sai aka fara tambayar takarda, kowace jiha da nata sharuɗɗan. Shirin Medicaid na marasa galihu da shirin Medicare na tsofaffi, waɗanda aka kafa a 1965, su ne manyan masu biya, kuma wanda suka ce bai cika sharaɗi ba, ko ya fi kowa iyawa ba zai ga kuɗinsu ba. Sai a ranar 1 ga Janairun 2024 Medicare ya fara biyan masu ba da shawara kai tsaye, shi ma sai mai digiri na biyu, mai lasisin jiharsa, wanda ya yi shekara biyu ko awa 3,000 yana aiki a ƙarƙashin kulawar wani. Amma da yake sun ga giɓin da hakan ke bari, tun a 2007 gwamnatin tarayyarsu ta ba jihohi damar biyan tsofaffin masu sha da suka warke daga asusun Medicaid, bisa sharaɗin a horar da su, a ba su shaida, a kuma sa wani ƙwararre yana duba aikinsu. Darasin da ke ciki shi ne, a duniyar yau lasisi da biya tagwaye ne. Lasisi ya zama mabuɗin baitulmali, kuma wanda ya rubuta sharaɗin lasisi, shi ya yanke hukuncin wanda zai ci abinci da sana'ar da wanda zai bar ta.

Wannan ya kawo mu ga tambaya ta biyu ta uwar nan, wato da me zan biya? An kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa a 1999, aka fara aiki da ita a 2005, amma ta daɗe ba ta wuce ma'aikatan gwamnatin tarayya da 'yan ƙalilan ba. A watan Mayun 2022 aka yi sabuwar doka wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusu domin marasa ƙarfi. Kafin ita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Jihar Borno ma tana da tata hukumar, BOSCHMA. Duk da haka, sama da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Kuma tsarin inshora, a yadda aka gina shi, cibiyoyin da aka tantance yake biya, wato asibiti da ɗakin gwaji da kantin magani. Ya saba da ƙirga allura da ƙwaya da kwanan gado. Bai saba da ƙirga awa guda da wani ya yi yana sauraren yaro ba, balle a ce a gindin bishiya aka yi zaman.

Ra'ayinmu a nan shi ne, hukumar da ta ce babu mai yin wannan aiki sai mai lasisi, ta ɗaure kanta da biyan mai lasisin. Ba a raba su. Dalili kuwa shi ne, duk sharaɗin da aka ƙara yana ƙara tsadar aikin. Wanda ya kashe shekaru da kuɗi ya sami shaida ba zai yi aikin kyauta ba, kuma ba a ce ya yi ba, domin yana da iyali. In hukuma ba ta biya shi ba, ɗayan uku zai yi: ya buɗe wurin kansa inda sai 'ya'yan masu hali ne za su iya zuwa, ko ya bi ƙungiyoyin agaji na waje waɗanda ke zuwa da wa'adi su tafi da wa'adi, ko ya tattara ya bar ƙasar kamar yadda likitocinmu ke yi. A kowane hali, uwar nan ta Gwange ba ta same shi ba. An rufe mata ƙofar maras lasisi da sunan kare ɗanta, ba a buɗe mata ta mai lasisi ba. Ina za ta nufa? Gidan marin da ya koma aiki a ɓoye, inda yanzu ma ba mai leƙawa. Dokar da ta tsaya a hani kawai takan sa mai mulki ya ji ya sauke nauyi, alhali ɗauke shi ya yi daga kan hukuma ya ɗora wa matalauciya.

Sarakunan Borno na da sun fahimci wannan. Idan Mai ya amince da ilimin wani malami, yakan rubuta masa takardar da ake kira mahram, wadda ke ɗauke masa haraji da fita yaƙi, shi da zuriyarsa, domin ya zauna ya karantar. Mafi tsufa daga cikin waɗannan takardu ana danganta ta da Mai Umme Jilmi na ƙarni na 11. A takarda ɗaya aka haɗa shaidar cancanta da abin da zai riƙe mai ita. Ba su ce wa malami ga girma, ka je ka nemi na tuwo ba.

Mun san abin da wani zai ce, kuma ba za mu raina maganarsa ba. Zai ce: ni ma'aikaci ne, ana yankar albashina kowane wata domin inshora. Na yarda a yi wa mai haihuwa da mai zazzaɓin cizon sauro magani da kuɗina, domin ba su suka jawo wa kansu ba. Amma wannan da hannunsa ya ɗauka ya haɗiya, ya saɓa wa Allah ya saɓa wa doka, don me zan biya masa? Asusun ma bai ishi marasa laifi ba. Wannan magana tana da nauyi, domin gaskiya ne akwai zaɓi a ƙwayar farko, kuma addininmu bai ɗauke wa mai sha alhakinsa ba. Wanda ya ce shaye-shaye cuta ce zalla wadda ba ruwan mutum a ciki, ya yi wa mai shan ma rashin adalci, domin ya cire masa abin da zai tashi da shi.

Sai dai mu duba mu gani, a ina kuma muke amfani da wannan ma'auni? Direban da ya yi gudun wuce sa'a ya karye, ba a tsayar da shi a ƙofar asibiti a tambaye shi nawa yake gudu. Mai ciwon sukari ba a ƙirga masa kwalaben lemon da ya sha kafin a ba shi magani. Asibiti ba kotu ba ne. In muka mai da shi wurin tantance mai laifi da maras laifi, kaɗan daga cikinmu ne za su sami gado. Daɗin daɗawa, zaɓin da ake magana a kansa ba a sarari ya faru ba. Yaron nan bai zaɓi rikicin da ya ɓarke a Yulin 2009 ba. Bai zaɓi ya girma a sansanin Bakassi ko na Dalori ba, bai kuma zaɓi ambaliyar madatsar Alau ta ranar 10 ga Satumban 2024 ta tafi da ɗan abin da suka fara tarawa ba. Tiramol mai ƙarfin 225, alhali 50 da 100 kawai hukuma ta amince da su, ba a Gwange ake yin ta ba. Ta jiragen ruwa take shigowa, ta wuce tashoshi da shingaye har ta iso hannunsa. Maganin tari mai kodin ma a fili ake sayar da shi har zuwa watan Mayun 2018, lokacin da gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi bayan wani rahoton bincike na BBC. Al'ummar da ta kasa tsare ƙofa ba ta da bakin cewa ɓarnar da aka yi a ɗaki ba ta shafe ta ba.

Ga wanda kuma duk wannan bai gamsar ba, sai mu ce masa ai yana biya ko ya so ko bai so ba. Yana biya ranar da aka fizge masa waya, yana biya a kuɗin ciyar da fursuna, yana biya lokacin zaɓe sa'ad da aka ɗebi irin waɗannan yara aka ba su ƙwaya da gora. Abin da ya rage masa zaɓi a kai shi ne ko ya biya mai ba da shawara ko ya biya gandiroba.

Ba mu manta ba cewa inda kuɗin gwamnati ya sauka, ƙudaje na biye. Ranar da aka ce inshora za ta biya zaman shawara, a ranar za a ga cibiyoyin da ba su da komai sai allo a bakin titi, da sunayen majinyatan da ba a haife su ba. Wannan shi ya sa muka ce tagwayen ba sa rabuwa ta kowane ɓangare: kamar yadda lasisi ba biya zalunci ne, haka biya ba tantancewa ɓarna ce. Amma tantancewar da muke nufi ba ta takarda kaɗai ba ce wadda ake dubawa sau ɗaya a ajiye a durowa. Ta ziyara ce, a shiga ɗakunan, a duba ƙafafun yaran, a tambaye su ba a gaban mai gidan ba, a kuma iya ƙwace lasisin in an ga ba daidai ba.

Akwai ƙarashen labarin Sinan bn Sabit da ya dace a kawo a nan. An ce cikin masu zuwa jarrabawa akwai wani dattijo mai kyan tufafi da kwarjini, wanda da aka fara tambayarsa sai ya ajiye 'yan kuɗi a gaban Sinan (ashe toshiyar baki ma tare aka haife ta da lasisi), ya ce shi bai iya karatu da rubutu sosai ba, amma da wannan sana'a yake ciyar da iyalinsa. Sinan ya yi dariya, bai kore shi ba, bai kuma sake masa mara ba. Ya yarje masa ya ci gaba bisa sharaɗin kada ya ba da maganin da bai sani ba, kada kuma ya taɓa manyan cututtuka. Wato ya ba shi izini daidai gwargwadon iyawarsa. Mu ma abin da ya dace da mu ke nan. A yi lasisin hawa-hawa. Likita da masanin halayyar ɗan Adam su riƙe abin da ya shafi magani da cutar ƙwaƙwalwa. Mai ba da shawara da ya yi cikakken horo ya riƙe zaman jinya. Shi kuma tsohon mai sha da ya daɗe da dainawa, da malamin tsangaya, da uwar ƙungiyar mata, a ba su horo na watanni cikin harshen da suke ji, a koya musu alamomin da in sun gani dole su tura asibiti, a haramta musu mari da bulala da tsare mutum ba da yardarsa ba, a sa su ƙarƙashin wani asibiti ko cibiyar lafiya ta unguwa, ta yadda kuɗin inshora zai iya bi ta wannan cibiya ya iso gare su.

Ba sabon abu muka ƙago ba. A shekarar 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro na Abeokuta tare da danginsu, yana kuma aiki da masu maganin gargajiya a ƙarƙashin kulawarsa, kuma wannan aiki na cikin abin da ya kai shi ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Zimbabuwe, tun daga 2006 Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraren masu damuwa, aka kuma gwada aka ga yana aiki. Shi kansa shugaban NDLEA tun daga Janairun 2021, Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ya taɓa mulkin Jihar Borno daga 1990 zuwa 1992, saboda haka garin nan ba baƙo ba ne gare shi idan ana neman inda za a fara gwaji.

Abin da ake buƙata daga majalisar masu ba da shawara shi ne ta buɗe wannan mataki na ƙasa a rajistarta. Abin da ake buƙata daga hukumar inshora ta ƙasa da BOSCHMA kuma shi ne su rubuta zaman shawara ga mai shaye-shaye a jerin ayyukan da suke biya a cibiyoyin lafiya na unguwa, su sa masa farashi kamar yadda suka sa wa awon ciki da gwajin jini, su kuma yarda a biya zama na biyu da na goma, domin mai wannan cuta yakan faɗi ya tashi sau da yawa kafin ya miƙe. Kafin a yi haka, maƙwabcin nan zai ci gaba da tara yara bayan la'asar har ranar da ya sami aikin gadi ko tuƙin Keke Napep ya daina zuwa, ita kuma uwar tana nan tana lissafin ko ta sayar da keken ɗinkinta ta kai yaron Titin Baga, ko ta karɓi shawarar wata 'yar'uwarta da ta ce ta san wani gida a bayan gari inda ba a karɓar kuɗi da yawa.